Daga A-kori-kura Zuwa Landtrek: Fijo a Idon Direbobin Zakka

Idan masu sha'awar mota suka haɗu a majalisa a Katsina ko Kaduna, waya ce ke yawo daga hannu zuwa hannu. Ga hoton sabuwar 3008, ga fitilun da aka zana kamar faratan zaki, ga tambarin da kamfanin Peugeot ya sauya a 2021, ya bar kan zaki kaɗai cikin garkuwa. Hoton yana isa har Zakka, can yammacin jihar Katsina a ƙaramar hukumar Safana, ana kuma yaba shi. Sai dai direban Zakka ba daga fitila yake farawa ba. Cewa zai yi a matso masa da hoton ya ga tazarar cikinta da ƙasa. Buhu nawa take ɗauka? Idan ta tsaya tsakanin Runka da Batsari, wa zai iya buɗe ta? Waɗannan tambayoyi sun girmi wayar nesa ba kusa ba, kuma kowace ƙirar Fijo da ta taɓa taka wannan yanki sai da ta amsa su.

An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a 1972, ya fara harhaɗa motoci a unguwar Kakuri ta Kaduna a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Mutanen Safana da Batsari suna da hujjar kallon masana'antar a matsayin tasu, domin har zuwa ranar 23 ga Satumba 1987 da aka ƙirƙiro jihar Katsina, Kaduna ce hedikwatarsu. A shekarun farko tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, don haka ta sama aka riƙa kwaso sassan motocin daga birnin Lyon na Faransa zuwa filin jirgin saman Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Fijo da yawa sun hau jirgi tun kafin masu su su yi niyyar Makka.

Wadda ta fara shiga zuciyar ƙauye ita ce 404, musamman mai buɗaɗɗen baya da Hausawa suka raɗa wa a-kori-kura. Fitilunta zagaye, giyarta a jikin sitiyari, bayanta kuwa ba ya cewa ya ƙoshi. Gero, dawa, gyaɗa, akuya a ɗaure, mutane a zaune bisa buhuna sun riƙe ƙarfen rumfa, haka take keta burji da yashin rafi ranar kasuwa. Ba a nan kaɗai ta yi suna ba: ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka sau 4, a 1963, 1966, 1967 da 1968. Direban da bai taɓa jin labarin gasar ba ya san abin da ya sa ta ci, don kullum yana gwada ta a hanyar da ta fi ta tseren muni.

Shi ya sa 504 ba ta samu karɓuwa hannu bibbiyu nan take ba. Ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969, amma a idon wanda ya saba da 404 sai ta yi kama da motar 'yan boko: fitilu masu kusurwa, but ɗin baya a karkace kamar an danne shi, kujeru masu laushi. Gwamnati ce ta fara ɗaga darajarta. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976, gwamnatin Obasanjo ta mayar da 504 motar aiki ta manyan jami'ai, har da shugaban ƙasa. Daga nan duk ƙurar da ta taso daga hanyar Dutsin-Ma, idan 504 ce a cikinta, an san baƙon hukuma ne, ko mai duba makarantu, ko jami'in gona, ko ɗan gari da ya zama wani abu a Kaduna.

Amma hukuncin gaskiya sai da 504 wagon ta shiga tasha aka yanke shi. Layin kujeru 3 gare ta, kamfani ya yi ta don mutum 7 ko 8, 'yan kamasho kuma suka yi nasu lissafin. Biyu a gaba kusa da direba, huɗu a tsakiya, uku a baya sun naɗe gwiwa. Yaron mota ya cusa buhu biyu a but, ƙofar ta ƙi rufuwa, ya zarga igiyar roba ya taka bamba da ƙafa ya ja har ta kama. Bayan motar ya sauka kamar raƙumi zai durƙusa, ya tsaya bai taɓa taya ba. Dalilin yana ƙarƙashi: sifirin huɗu ne ke riƙe da aksul ɗin baya, bibbiyu kowane gefe, farfela kuma tana cikin bututun ƙarfe, dutse ba ya samunta. Tayoyin baya ne ke turawa, don haka nauyin lodi ƙara mata riƙon ƙasa yake yi a cikin yashi.

Bakanike ma ya sa hannu a hukuncin. Idan 504 ta fara shaƙewa, sai ya kwance kafireta a kan tsumma a gindin bedi, ya wanke da fetur a gwangwanin madara, ya sa baki ya hure ƙananan ramukan, ya goge filogi da sanfefa, ya ce wa direba, "Maigida, ba ta wuta." Kafin fasinja su gama alwala ta tashi. Faransa ta daina ƙera 504 ta fasinja a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan masu ita sun wuce wurin. Ba ƙauyanci ba ne ya jawo haka. Masu saye sun san abin da suke so.

Ita 505, wadda ta fito a 1979, ba ta sha wahalar shiga ba, don jininsu ɗaya da 504. Ta fi faɗi, ta fi kwarjini, manyan ma'aikata da alhazai suka rungume ta. Abin da ba a sani ba a lokacin shi ne ita ce Fijo ta fasinja ta ƙarshe mai turawa da tayoyin baya.

Kafin a gama jin daɗinta, kuɗi suka juya baya. Shirin SAP na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa. Sai ƙofa ta buɗe daga yamma: motocin da Turawa suka gama yayinsu suna sauka a Kwatano, su ratso Nijar ta Maraɗi, su shigo ta Jibiya, wadda ke maƙwabtaka da Batsari. Daga wannan lokaci ma'anar sabon yayi ta sauya a yankin. Sabuwar mota ita ce 'yar Kwatano mai shekara 10 ko 15 a duniya, ko wadda aka saya a gwanjon gwamnati. Golf da Sharon da Toyota suka shigo tasha suna gogayya da Fijo a gidanta.

A wannan yanayi 406 ta iso. Ta fito a 1995, Kaduna ta harhaɗa ta daga baya, kuma ita ce ta raba kan direbobi fiye da kowace. Matasa sun so ta saboda gudu da sanyin tafiya a kwalta da ƙarancin shan mai. Dattawa suka ce a bi a hankali: gaba take ja, cikinta ya fi kusa da ƙasa, ba ta da kafireta sai injekta, ga wata ƙwaƙwalwar lantarki da idan ta rikice ba a hure ta da baki. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaskiya. A titin Katsina zuwa Dutsin-Ma 406 ta zama sarauniyar haya, a hanyar ƙauye da damina kuwa tsohuwar a-kori-kura ake nema. Da 407 ta fito a 2004 da dogon hanci mai saukowa ƙasa, masu kallo sun yaba kyanta, masu haya kuma suka dubi hancin, suka tuna kwalbatin da suke hawa kullum, suka yi shiru.

Masana'antar kanta ta shiga gargada. Obasanjon da ya ɗora 504 a 1976, shi ne a 2003 ya kawo tsarin biyan ma'aikata kuɗi maimakon saya musu motocin ofis, babban mai sayen PAN ya janye. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta ga ASD Motors na Alhaji Sani Dauda, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe kamfanin saboda bashi, a 2014 aka koma harhaɗa ƙaramar 301. Sannan a 2022 sabon kamfanin Dangote Peugeot, wanda gwamnatin Kaduna ke da hannu a ciki, ya fara aiki a wata sabuwar masana'anta a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, da 301 a gaba, da jerin 3008, 5008, 508 da Landtrek a baya.

A cikin jerin nan Landtrek ce kaɗai ke tsayar da hira a Zakka, don ita ce mai buɗaɗɗen baya, jikar a-kori-kura ke nan. Masu bin diddigi suna ƙorafin cewa tare da kamfanin Changan na China aka ƙera ta, don haka jinin Faransa ya yi ƙaranci a jikinta. Wannan bai dami direban ƙauye ba, tunda rabin kayan gyaran da yake sa wa motarsa daga China suke zuwa. Abin da ya dame shi kuɗi ne da hanya. Tun cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kowace tafiya sai an yi mata lissafi, matsalar 'yan bindiga a gefen dajin Rugu kuma ta rage zirga-zirga, har ta kai a 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Safana da Batsari na wani lokaci. Hanyoyi da dama da a-kori-kura ke bi a da, yanzu babur ɗin Boxer ne ke ɗaukar mutum da buhunsa.

Idan aka bi yadda 504 da 406 suka iso, Landtrek za ta shigo tashar Safana ne bayan ta gama aiki a wata ma'aikata an yi gwanjonta. Ranar ce za a ɗora mata buhun gero a ga iya inda bayanta zai sauka. Kafin nan, a waya kawai mutanen Zakka ke ganinta.