Tarihin Maƙeran Ƙananan Injuna a Birtaniya

A cikin hunturun shekarar 1763 zuwa 1764 aka kai wa James Watt, wani saurayi mai gyaran kayan awo a Jami'ar Glasgow ta ƙasar Sikotilan, wani ɗan ƙaramin injin tururi irin na Newcomen, wanda malamai ke nuna wa ɗalibai da shi yadda manyan injunan janye ruwa daga ramukan ma'adinai suke aiki, aka ce ya gyara. Ya gyara duk abin da ido ke gani, amma injin nan, wanda faɗin silindarsa bai wuce inci 2 ba, sai ya yi 'yan bugu kaɗan ya tsaya, alhali kuwa tukunyar da ke ba shi tururi, bisa lissafi, ta isa ta ciyar da shi. Da ya tsananta bincike sai ya gano illar, wato ƙaramin mazubi fatarsa ta fi yawa in an gwada ta da abin da cikinsa ke ɗauka, saboda haka zafin da ke salwanta wajen sake ɗumama silinda bayan kowane bugu, wanda girman babban inji ke lulluɓewa, a ƙaramin ya fito fili. Daga wannan mas'ala ce, a 1765, tunanin sanyaya tururi a wani mazubi dabam ya faɗo masa, ya kuwa sami takardar mallakar fasahar a 1769.

Na fara da wannan labari ne domin mutane da yawa, in suka ga dattijo ya duƙufa a ɗan ɗakin bayan gida yana sassaƙa fistin da bai kai kan yatsa ba, sukan ɗauka kayan wasan yara yake yi. Haƙiƙa ƙaramin inji ya fi babba tsanani wajen hisabi, gama kuskuren da babba zai haɗiye ya ci gaba da tafiya, shi ne zai hana ƙaramin motsi ɗungum, kuma wannan tsanani ne ya mai da sana'ar makaranta.

A zamanin Watt daidaiton da ake bukata bai samu ba tukuna, ko a manyan maƙeru. Shekaru ya yi yana fama da silindar da fistin ba ya zama cikinta sosai, sai da John Wilkinson ya ƙago injin huda bindigogin igwa a 1774, sa'an nan ya juya hikimar ga silinda, har Matthew Boulton, abokin kasuwancin Watt, ya yi murna da cewa an huda masa mai faɗin inci 50 wadda karkatarta ba ta kai kaurin tsohon sule ba. Bayan haka Henry Maudslay, wajen shekarar 1800, ya haɗa injin sassaƙa ƙarfe wanda ke riƙe wuƙar yanka da kansa, yana tafiyar da ita bisa wani dogon sukuru, ta yadda za a iya yanka haƙoran noti iri ɗaya sau ɗari ba tare da dogaro ga ƙarfin dantsen ma'aikaci ba. Yana kuma da wani ma'auni mai gane kashi ɗaya cikin dubu goma na inci, wanda ya sa wa suna Lord Chancellor, domin shi ne alƙalin da ke yanke hukunci in gardama ta tashi a kan awo. Ilmin ya gangaro hannu da hannu, da isnadi sananne: Maudslay ya yi aiki wurin Joseph Bramah, shi kuma Richard Roberts da James Nasmyth da Joseph Whitworth suka bi ta maƙerarsa, kuma Whitworth ne a 1841 ya kawo ƙa'idar haƙoran noti mai kusurwar digiri 55, wadda ta sa notin da aka yi a wani gari ya shiga ƙusar da aka yi a wani. Ya kamata a tuna a nan cewa wasu dabarun sun girmi maƙerun nan na Ingila da ƙarnoni, domin Al-Jazari, muhandisin fadar Diyarbakir, a talifinsa na 1206, ya bayyana yadda ake goga bawul da mazauninsa da garin dutse mai kaifi har su haɗu ruwa bai ɗiga ba, kuma har yau haka masu ƙananan injuna ke yi.

Abin da ya faru a ƙarshen ƙarni na 19 shi ne wannan ilmi ya fita daga ƙofar masana'anta ya shiga gidajen mutane. Akwai ma'aikatan jirgin ƙasa da suka tashi daga aiki hannunsu bai gaji da ƙarfe ba, akwai akawuna da likitoci da limaman coci waɗanda zukatansu suka rataya ga inji, kowa yana ta fama shi kaɗai, har Percival Marshall ya fitar da mujallar Model Engineer a Landan a watan Janairu na 1898. A shekarar nan aka kafa jam'iyyar masu wannan fanni, a 1907 kuma aka yi bajekolin farko. Mujallar ta zama musu zaure, wani ya aiko da tambaya, wani ya ba da amsa, na uku ya yi raddi ga amsar, ana buga zanen kowane sashe da awonsa filla-filla. A wannan lokaci ne Stuart Turner, mai kula da injin da ke ba wani babban gida lantarki a Shiplake kusa da Henley, ya zana injinsa mai lamba 1, ya shiga sayar da sassansa na zubi ɗanye ga mai son ƙarasa su da hannunsa, kamfaninsa kuma ya tsaya da ƙafafunsa a 1906. Wannan dabara ta warware babbar wahala, domin narka ƙarfe ya fi ƙarfin ɗakin bayan gida, amma sassaƙa shi bai fi ba. Sauran abin da ya rage shi ne injin sassaƙa mai araha, sai ga kamfanin Drummond na Guildford a 1908 da nasa mai zagayayyen gado a kan fam 5, ana taka shi da ƙafa kamar keken ɗinki.

To, bari mu tsaya kan aikin kansa, domin a nan ne ake gane ko mutum ya ƙware. Mai ƙira zai buɗe akwati ya tarar da guntayen ƙarfen zubi masu kaushi, da 'yan sandunan tagulla da na baƙin ƙarfe, da takardar zane, shi ke nan. Zai fara da magagari ya kawar da tsinin zubi, sa'an nan ya ɗaure silinda a kan injin, ya yi ta bugunta a hankali yana juyawa yana dubawa har ta zauna a tsakiya, wanda sau da yawa ya fi yankan kansa cin lokaci. Fatar ƙarfen zubi tana da tauri, ga ɓurɓushin yashi a jikinta, saboda haka ƙa'ida ita ce yankan farko ya nutsa ƙarƙashin fatar, in kuwa aka ji tsoro aka shafa sama-sama, to, bakin wuƙa ya dakushe nan take. Ana fara gama ramin silinda kafin a taɓa fistin, dalili kuwa shi ne rage kaurin sanda ya fi sauƙin sarrafawa bisa ga faɗaɗa rami, sai a yi ta ɗebe kashi ɗaya cikin dubu na inci ana gwadawa, har fistin ya shiga ba tare da an tilasta shi ba, in kuma aka toshe bakin silinda da yatsa aka ja shi, iska ta mai da shi baya. Fuskar da bawul ke zamewa a kanta sai an goge ta bisa takardar yashi da aka shimfiɗa a kan gilashi, domin gilashi ne abu mafi shafewa da ake samu a gidan talaka. Karanshaf kuwa, wanda ke mai da kai-da-komon fistin ya zama juyi, shi ne jarrabawar da almajirai ke tsoro, gama ana sassaƙa shi ne a kan cibiyoyi biyu mabambanta, ƙarfen yana wulwulawa a karkace, wuƙa na cizo tana saki, sakaci na ƙiftawar ido ya ɓata aikin mako. Tukunyar tururi ta jan ƙarfe ce, ana liƙe ta da dalmar azurfa, kuma ba a yarda a hura mata wuta ba sai an cika ta da ruwa an matsa shi har ninki biyu na ƙarfin da za ta yi aiki da shi, saboda ruwa ba ya matsuwa, in tukunya ta gaza sai dai ta tsage ta ɗiga, amma da tururi ne da ta fashe ta yi ɓarna.

Muhawarar da ta fi shahara a tarihin fannin ita ce wadda ta tashi a shafukan mujallar daga 1922. Henry Greenly, muhandisi mai suna wanda ke yi wa kamfanin Bassett-Lowke na Northampton zane, yana kan ra'ayin cewa ƙaramin kan jirgi ya fi dacewa da tukunya mai sauƙi wadda ake ɗumamawa da fitilar sifirit. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Lawrence, wanda ke sa hannu da haruffan LBSC, wato na kamfanin jirgin Landan zuwa Brighton inda ya yi aiki, ya ce a'a, ƙaramin jirgi yana iya cin kwal na gaske a murhu na gaske, hayaƙi na bi ta bututaye cikin ruwa kamar yadda yake a babba, kuma ya ja mutum. Da jayayya ta ƙi ƙarewa a takarda sai aka kai ta fili a bajekolin 1924, inda jirginsa mai suna Ayesha, mai tafiya a kan dogo mai faɗin inci 2 da rabi, ya ja mutum baligi a gaban jama'a. A ganina muhimmancin wannan rana ya wuce maganar tukunya, domin ta tabbatar wa ma'aikaci mai ƙaramin albashi cewa abin da ya ƙera a gidansa yana iya yin aikin gaske. Lawrence ya ci gaba da rubutu kusan har rasuwarsa a 1967, ya bar zanen kawunan jirgi fiye da ɗari, yana bayani da harshen direbobi da 'yan wuta, yana ɗaukar mai karatu a matsayin wanda bai taɓa riƙe magagari ba amma yana da hankalin koyo.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sana'ar ta kai ganiyarta. Edgar Westbury ya yi wa ƙananan injunan fetur irin hidimar da Lawrence ya yi wa na tururi, kamfanin Myford na Beeston kusa da Nottingham kuma ya fitar da injin sassaƙarsa ML7 a 1946, wanda ya yaɗu har masu zane suka riƙa auna sassan injunansu bisa abin da zai iya ɗauka. Da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallami jiragen tururi a 1968, wani kaso mai yawa na sanin yadda ake daidaita bawul da sarrafa wutar kwal ya rage ne a hannun masu adana tsofaffin jirage da waɗannan maƙeran gida.

Daga cikinsu babu wanda ya kai Cherry Hill nisa a kyautata aiki, ga fahimtata. Wannan baiwar Allah ta kasance takan zaɓi injunan noma da na hanya na ƙarni na 19 waɗanda babu ko ɗaya da ya saura, ta tono siffarsu daga tsofaffin mujallu da takardun mallakar fasaha, ta zana abin da marubutan farko suka bari a duhu, sa'an nan ta shafe shekaru tana ƙera kowane sashe da kanta, har ƙananan notuna, daga baya ta ba da yawancinsu kyauta ga cibiyar injiniyoyin kanikanci da ke Landan.

Masana'antar Myford ta Beeston ta rufe a 2011, wani kamfani ya sayi sunan, kuma galibin masu farawa yanzu da ƙananan injunan sassaƙa na ƙasar Sin suke farawa, wasu har sun haɗa su da kwamfuta tana tafiyar da wuƙa. Sassan zubi na Stuart kuwa ana nan ana sayar da su, har da na ɗan injin nan 10V mai silinda kashi uku cikin huɗu na inci, wanda yawancin almajiran fannin ke buɗe karatu da shi.