Zaman Bitar Aiki na Masu Ba da Shawara: Shin Ana Tattauna Matsalata da Wasu?

Idan kuna ganin mai ba ku shawara kan ciwon damuwa, fargaba, shaye-shaye ko rikicin aure, wataƙila ya taɓa ce muku yakan kai wasu batutuwan aikinsa gaban abokan aiki. Jin haka kan tayar da hankali, domin abin da aka faɗa a ɗakin shawara amana ce. Wannan zama yana cikin ƙa'idojin aikin, kuma don kare lafiyarku aka tsara shi.

Mene ne zaman bitar aiki?

Haɗuwa ce da masu ba da shawara kan yi lokaci-lokaci, kamar duk mako ko duk wata, ƙarƙashin jagorancin ƙwararren da ya fi su daɗewa a aikin. Rukunin ƙarami ne, galibi mutum uku zuwa shida. Ɗaya zai kawo batun da ya shige masa duhu, sauran su yi tambayoyi, jagora ya taimaka a fito da mataki na gaba. Ana kuma yin irinsa tsakanin mutum biyu kawai, ma'aikaci da jagoransa.

Aikin ma'aikacin ake dubawa: me ya ji, me ya faɗa, me ya kuskure masa. Ba zaman yanke muku hukunci ba ne.

Daga ina aka samo shi?

Ɗaya daga cikin sanannun tushensa shi ne aikin Michael Balint, likita ɗan asalin Hungary, da matarsa Enid. A shekarun 1950 sun riƙa tara likitoci a asibitin Tavistock da ke Landan domin su tattauna yadda mu'amalarsu da marasa lafiya ke tafiya. Har yau akwai rukunonin da ake kira da sunan Balint a ƙasashe da dama.

A Birtaniya, ƙungiyar masu ba da shawara ta BACP ta sharɗanta wa mambobin da ta tantance aƙalla sa'a ɗaya da rabi na bitar aiki a kowane wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shirinta na mhGAP da ta ƙaddamar a 2008, tana horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su kula da lafiyar ƙwaƙwalwa tare da sa ido daga ƙwararru. Wannan na da muhimmanci a Nijeriya da Nijar, inda likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, kuma wanda za ku fara gani sau da yawa nas ne ko ma'aikacin lafiya na unguwa.

Wane amfani za ku samu?

Na farko, gano haɗari da wuri. Mutum na iya cewa ya gaji da duniya, ma'aikaci ya ɗauka gajiya ce kawai. Wani a rukunin zai tambaya ko an bincika tunanin kashe kai.

Na biyu, sanin lokacin turawa gaba. Wasu alamomin da ke kama da damuwa na iya fitowa daga cutar jiki, kamar matsalar maƙoƙo ko ƙarancin jini. Wasu kuma na buƙatar magani daga likitan ƙwaƙwalwa.

Na uku, kiyaye iyaka. Ma'aikaci ɗan'adam ne. Yana iya tausaya muku fiye da kima, ko ya fara ɗora muku ra'ayinsa kan aure ko tarbiyya ba tare da ya lura ba. Abokan aiki kan hango hakan kafin shi.

Na huɗu, lafiyar ma'aikacin kansa. Wanda ke sauraron labarin rasuwa, fyaɗe ko gudun hijira kullum yakan ƙone da gajiya, kuma wanda ya gaji ba ya saurare da kyau.

Ina batun sirrina?

Duk wanda ke cikin zaman yana ƙarƙashin dokar riƙe sirri irin wadda ke kan mai ba ku shawara. Ba a ambatar suna, adireshi ko lambar waya. A Nijeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi cewa bayanan majinyaci sirri ne.

Sai dai a ƙaramin gari cire suna kaɗai bai isa ba. Idan aka ce malamar makaranta mai tagwaye da ke unguwa kaza, an riga an faɗi wace ce. Don haka ya kamata a sakaya sana'a, unguwa da duk abin da zai nuna ku, kuma wanda ya san ku a rukunin ya fita har a gama.

Akwai inda sirri ke da iyaka ko da babu wannan zama: idan ranku ko ran wani na cikin haɗari, idan ana cutar da yaro, ko idan kotu ta ba da umarni.

Tambayoyin da za ku iya yi

- Kana da jagoran da ke bitar aikinka? Sau nawa kuke zama?
- Su waye ke cikin rukunin, kuma a ina suke aiki?
- Wane bayani ake cirewa kafin a kawo batuna?
- Ana naɗar murya ko rubuta wani abu? Ina ake ajiyewa?

Bai halatta a naɗi muryarku ba sai da izininku, kuma kuna da ikon cewa a'a. Idan akwai ɗan'uwa ko maƙwabci a rukunin, ku faɗa tun farko.

Ga iyalai

Zaman ba na dangi ba ne, ba za a ba ku labarin abin da aka tattauna ba. Idan kun ga abin da ya dame ku, kamar majinyaci ya daina cin abinci ko barci, ku sanar da mai kula da shi. Idan kuwa ya yi maganar kashe kansa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi asibiti mafi kusa nan take.