Shimfiɗun Tari da Adana Rajistoci a Bin Sawun Kanel

Shimfiɗun tari da adana rajistoci su ne ginshiƙai biyu da aikin bin sawun kanel ya dogara a kansu. Kanel ita ce zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ko waya: ita ke raba lokacin firosesa da ma'adanar bayanai tsakanin manhajoji, ita ke magana da allo da batir da na'urar sadarwa. Bin sawu kuwa shi ne sa ido a kan abin da kanel ke yi tana tsaka da aiki, ba tare da an kashe na'urar ba. Sharaɗinsa mai tsauri ne: mai bin sawu zai kutsa tsakiyar aiki, ya ɗebi bayani, ya fita, ya bar komai yadda ya tarar.

Kanel ɗin da aka fi bayyana wannan fanni a cikinta ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Ita ce a ƙarƙashin Android, saboda haka tana aiki a cikin wayoyin da manoman shinkafa da dillalan tumatir na Kura da Bunkure da Garun Malam ke ciniki da su kullum.

Rajistoci da tari

Rajista ƙaramin gurbi ne a cikin firosesa, inda ake riƙe lambar da ake lissafi da ita a wannan ƙiftawar ido. Firosesar x86-64, ta yawancin kwamfutoci, tana da rajistocin aikin yau da kullum guda 16. Ta ARM64, wadda ke cikin yawancin wayoyin zamani, tana da 31, daga x0 zuwa x30. Kowacce tana ɗaukar bit 64.

Manhaja a rarrabe take zuwa ƙananan ayyuka da ake kira fankishin, wannan ya kira wancan, wancan ya kira wani. Rajistoci ba za su ishe su duka ba, don haka ake ware wani yanki na ma'adana, wato tari. Duk fankishin da aka kira sai ya yi tasa shimfiɗar a saman ta wanda ya kira shi, ya ajiye ƙananan bayanansa, da ƙimar rajistocin da zai ara, da adireshin komawa, wato inda aiki zai ci gaba in ya gama. Wanda ya shimfiɗa a ƙarshe shi ke fara naɗewa. Wurin kuma ƙarami ne: a x86-64 tarin kowane zaren aiki a kanel kilobayit 16 ne tun daga Linux 3.15 ta 2014, kafin nan 8 ne.

Akwai ƙa'idar da ta raba nauyi tsakanin mai kira da wanda aka kira. A x86-64 ana miƙa bayanai shida na farko ta rdi, rsi, rdx, rcx, r8 da r9, amsa ta dawo ta rax. Rajistocin rbx, rbp da r12 zuwa r15 amana ce a hannun wanda aka kira: in ya taɓa su dole ya mayar. A ARM64 ana miƙa bayanai ta x0 zuwa x7, x29 na nuna shimfiɗar da ake kai, x30 kuma na riƙe da adireshin komawa.

Yadda mai bin sawu ke shiga

Tsohuwar hanya ita ce kprobes, wadda ta samo asali daga aikin injiniyoyin IBM, ta shiga Linux 2.6.9 a 2004. Ana maye gurbin bayit na farko na wani umarni da umarnin tarko, wanda a x86 sunansa int3. Da firosesa ta taka shi sai ta tsaya, kanel ta kwashe dukkan rajistoci ta zuba a wani tsari mai suna pt_regs. A x86-64 gurabensa 21 ne, bayit 168. Bayanin cikakke ne, amma faɗawa tarko yana cin lokaci.

Hanya ta biyu ita ce ftrace, wadda Steven Rostedt ya jagoranta, ta shiga Linux 2.6.27 a 2008. Tun wurin harhaɗa kanel ake sa wa kowane fankishin kira na musamman a bakinsa. Lokacin tashin na'ura sai a mayar da wannan kira umarnin wofi, mai bayit 5 a x86, wanda ba ya yin komai, sai ranar da ake son bin sawu a farfaɗo da shi. Da farko kiran mcount ake amfani da shi, wanda ke zuwa bayan fankishin ya riga ya yi shimfiɗarsa. Daga 2012 x86 ta koma ga fentry, wanda ke zuwa kafin a taɓa komai, lokacin da bayanan da aka miƙo suna nan a rajistocinsu.

A nan adana rajistoci ya zama wajibi. Fankishin da ake bin sawunsa bai san an tare shi a ƙofa ba, yana sa ran ya tarar da rdi da rsi yadda mai kira ya bar su. Misalin mai bin sawu kamar ma'aikacin ruwa ne a magudanan da ke kawo ruwan madatsar Tiga zuwa gonakin Kadawa: in ya rufe ƙofar ruwa don ya yi awo, sai ya san daidai inda ya same ta ya mayar da ita nan, in ba haka ba gonakin ƙasa su yi ambaliya ko su bushe, manomi kuma bai san daga ina matsalar ta fito ba. Saboda haka ftrace ke da mashiga biyu: mai sauƙi da ke adana rajistocin miƙa bayanai kaɗai, da mai nauyi da ke cika pt_regs baki ɗaya.

Haɗarin gyara umarni ana cikin aiki ya bayyana tun farko. A lokacin gwajin 2.6.27, wani kuskure ya sa ftrace ta yi rubutu a adireshin da ya riga ya koma hannun katin sadarwa mai aiki da direban e1000e, har katunan wasu masu gwaji suka daina aiki. Bayan haka aka koma tattara jerin wuraren kira tun lokacin harhaɗawa.

Musanya adireshin komawa

Ganin shigar fankishin bai isa a san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, sai an ga fitarsa. Frederic Weisbecker ya kawo maganin wannan a Linux 2.6.29 ta 2009. Mai bin sawu yana ɗauke adireshin komawa na gaskiya daga tari, ya ɓoye shi a wani jeri na gefe, ya sa adireshin nasa fankishin mai suna return_to_handler a madadinsa. In fankishin ya gama sai ya faɗo hannun mai bin sawu, shi kuma ya adana amsar da ke rax, ya rubuta lokaci, ya tura aiki inda ya kamata. Illar dabarar ita ce tarin ya daina faɗin gaskiya, duk mai karanta shi dole ya nemi adireshin asali a wancan jeri.

Warware tari

Warware tari shi ne bin shimfiɗu daga sama zuwa ƙasa don a gano wa ya kira wa. Hanya mafi sauƙi ita ce kowace shimfiɗa ta ajiye adireshin ta ƙarƙashinta, su zama sarƙa, rbp ko x29 na riƙe da bakinta. Sai dai wannan yana cinye rajista guda, yana ƙara girman umarnin kanel da kusan kashi 3 cikin ɗari, kuma an auna jinkirin kashi 5 zuwa 10 a wasu ayyuka. Haka nan in aka katse aiki kafin fankishin ya gama shimfiɗarsa, ana iya tsallake mai kiransa. Shi ya sa a rahoton faɗuwar kanel a x86 ake ganin alamar tambaya a gaban wasu sunaye: adireshi ne da aka tsinta a tari amma ba a tabbatar yana cikin sarƙar ba.

A Linux 4.14 ta 2017 Josh Poimboeuf ya kawo ORC. Wata manhaja mai suna objtool tana bin umarnin kanel lokacin harhaɗawa, ta rubuta jadawalin da ke faɗin inda shimfiɗar baya take ga kowane adireshi. An biya farashin da megabayit kaɗan na ma'adana, aka 'yantar da rbp. A ɓangaren manhajojin masu amfani kuwa an juya akalar: Fedora 38 a 2023 da Ubuntu 24.04 a 2024 sun dawo da sarƙar shimfiɗu don sauƙaƙa auna aiki.

Halin ARM64 da amfanin fannin

A ARM64 adireshin komawa a x30 yake, kuma duk sabon kira yana shafe shi. Tun Linux 5.5 ana barin umarnin wofi biyu a bakin fankishin: sai a mayar da na farko ya kwafe x30 zuwa x9, na biyu kuma ya kira ftrace in ana son bin sawu. Daga baya aka fito da ftrace_regs, tsari mai ɗaukar rajistocin da ake buƙata kaɗai, ARM64 ta koma kansa a Linux 6.2.

Manyan ayyuka sun hau kan wannan tushe. Facin kanel ba tare da kashe na'ura ba, wanda ya shiga Linux 4.0 a 2015 daga ayyukan Red Hat da SUSE, yana canza adireshin umarni a cikin rajistocin da aka adana, aiki ya karkata zuwa sabon fankishin. Kafin a mayar da zaren aiki kan sabon, ana duba tarinsa a tabbatar tsohon ba ya ciki. Kayan bincike na eBPF ma daga waɗannan rajistoci suke karanta bayanai. Da irin waɗannan kayan injiniyoyi ke gano abin da ke sa waya nauyi ko shan batir, kuma amincin abin da suka gano ya rataya ne a kan ko an adana rajistar da ta dace, an kuma karanta shimfiɗar da ta dace.