Mabuɗin Na Kujera Ne

Abu na farko da ake koya wa sabon ma'aikacin rajista a Tudun Wadan Zariya shi ne sanin wa zai ga wace takarda, wa kuma zai yi rubutu a kanta. Tushen wannan tarbiyya yana Kongo ta nan Zariya, inda aka buɗe makarantar horar da akawuna a shekarun 1940. A 1954 ta zama cibiyar koyon aikin mulki, daga baya ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. A nan ɗimbin akawunan En'e da ma'aikatan baitulmali na Arewa suka koyi aiki.

Magabatanmu sun raba rajista gida biyu, ta fili da ta sirri. Fayil ɗin fili masinja ke rungumarsa daga ofis zuwa ofis, amma ba ya fita sai an rubuta a littafi wanda ya nema da ranar da ya karɓa. Na sirri kuwa yana kulle cikin kabad ɗin ƙarfe, in zai fita sai cikin ambulan a liƙe, kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana jiran mai sakin baki. Ƙa'idar da ta riƙe tsarin ita ce mabuɗi na kujera ne. Ranar da aka sauya wa jami'i wurin aiki, zai rubuta takardar miƙa aiki, a ƙirga mabuɗai a gaban magajinsa, sannan ya yi sallama.

Da kwamfuta ta zo, wannan tunanin muka tarar a cikinta. Tun shekarun 1970 manhajar Unix ta kasa masu amfani kashi uku: mai fayil, rukuninsa da sauran jama'a, kowanne da iyakar abin da zai karanta ko ya canza. A 1992 David Ferraiolo da Richard Kuhn a Amurka suka tsara yadda za a ɗora izini a kan muƙami, duk wanda ya hau muƙamin ya gaji izinin. Haka muke shirya manhajar sakamakon jarrabawa: malami ya shigar da makin kwas ɗinsa kaɗai, jami'in jarrabawa ya ga na sashe duka, ofishin kuɗi ya ga wanda ya biya ba tare da ganin maki ba, ɗalibi ya ga nasa.

Inda gizo ke saƙar shi ne kunya da kara. Na sha shiga ofis in tarar da kalmar sirri a guntun takarda manne da gefen kwamfuta, na kuma sha jin "Oga, ara mini taka in shiga." Wani ya bar sashe shekara guda, ƙofarsa ta shiga manhaja na buɗe har yanzu. In maki ya canza, ba mai iya cewa hannun wa ne, sai zargi ya faɗa kan marar laifi.

Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kowace ma'aikata alhakin abin da ta ajiye. Saboda haka shugabannin sassa su ba kowa shigarsa shi kaɗai, gwargwadon aikinsa, su kuma rufe ta ranar da ya tashi. Makin ɗalibi da katin marar lafiya amana ne a hannunmu.