Daga Akwatin Katako zuwa Kyamara Marar Madubi: Tarihin Sana'ar Hoto a Kudancin Maraɗi

Ɗaukar hoto ba ya cikin sana'o'in gado na ƙasar Hausa. Ba shi da sarki kamar ƙira ko fawa, ba shi da unguwa kamar rini, ba shi da makaɗan da ke yi masa taken sana'a. Baƙo ne da ya biyo Turawa, ya zauna a birane tukuna, sannan ya gangaro karkara a hankali. Gabi, da ke gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi, dab da iyakar Najeriya, ya samu wannan sana'a ta hanyoyi biyu: ta arewa daga birnin Maraɗi, ta kudu kuma daga Kano da Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa. A kowane zamani, abin da ya tsara yadda ake yin ta a irin wannan gari shi ne nisa: nisan wurin wanke hoto, nisan wutar lantarki, da nisan mai gyara.

A 1839 aka bayyana hanyar Louis Daguerre ta kama hoto a Faransa, amma kayan aikin suna da nauyi, magungunan kuma ba sa jure tafiyar raƙumi. Shi ya sa matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Gazawa da Katsina ya shiga Kano a 1851, da zane ya koma gida. Kyamara ta iso yankin sosai tare da sojoji da masu awon ƙasa. Ayarin Kyaftin Jean Tilho, wanda ya yi aikin shata iyaka tsakanin mulkin Faransa da na Ingila daga 1906, ya rubuta tarihin sarakunan Maraɗi da Gobir, ya kuma ɗauki hotuna. A wancan lokacin ne katunan gaisuwa masu hoto, irin waɗanda Edmond Fortier ya riƙa bugawa a Dakar, suka bazu a Turai. Mutanen da ke cikin waɗannan hotuna ba su ne suka nema ba, mafi yawansu ba a rubuta sunayensu ba, hotunan kuma har yau a ɗakunan ajiya na Turai suke. Duk da haka suna da daraja, domin su ne shaidar ido mafi tsufa a kan rawani da sirdi da ganuwa da kasuwannin wancan lokaci.

Abin da ya kai talaka gaban kyamara takarda ce. Katin shaida, fasfon aikin hajji, takardar makaranta, lasisin tuƙi, duk sun zo da buƙatar ɗan ƙaramin hoton fuska, buƙatar kuma ta ƙaru bayan samun ƴancin kan Nijar a 1960. Masu biyan ta na farko yawancinsu baƙi ne daga gaɓar teku, Yarabawa da mutanen Dahomey da Togo da Ghana, waɗanda suka riga suka koyi sana'ar a garuruwansu. Kayan aikinsu akwatin katako ne a kan ƙafa uku, da gilashi a gaba, da hannun riga na baƙin yadi a gefe. A cikin akwatin akwai ƙananan faranti biyu, ɗaya na maganin fito da hoto, ɗaya na maganin tsayar da shi. Mai hoto zai zaunar da mutum a rana gaban wani ƙyalle, ya ce masa kada ya motsa, ya cire murfin gilashin ya ƙirga a ransa ya mayar. Sai ya zura hannu ya wanke takardar cikin duhun akwatin. Abin da zai fito a juye yake, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, don haka sai ya liƙa shi a wani ɗan allo ya sake ɗaukarsa, sannan fuskar ta fito daidai. Wannan akwati ya dace da karkara ƙwarai da gaske. Ba ya son lantarki, kafinta yana iya gyara shi, ana ɗora shi a keke a bi kasuwannin mako, kuma mutum yana karɓar hotonsa kafin kasuwa ta watse.

A birni kuwa ɗakin hoto ne ya kafu. Maraɗi, wadda aka sake gina ta a kan tudu bayan ambaliyar 1945, ta bunƙasa da cinikin gyaɗa da fataucin alhazai, kuɗi ya shiga hannun samari, hoto ya tashi daga larura ya zama ado. Ɗakin hoto yana da labule mai zanen bene ko jirgin sama, da furen roba, da rediyo ko wayar tarho da ake jingina da su. Ranar Sallah ce babbar kasuwarsa: abokai su ɗinka yadi iri ɗaya su zo su jeru, ƴan mata su zo da lalle da sabon ɗankwali. Kyamarorin zamanin, irin su Rolleiflex da Yashica masu gilashi biyu, hoto 12 kacal suke ɗauka a fim guda, don haka mai hoto yakan daɗe yana gyara wa mutum zaman hula da ajiyar hannu kafin ya danna. Irin wannan aiki ne ya ɗaukaka Seydou Keïta da Malick Sidibé a Bamako, da Philippe Koudjina wanda ya ɗauki rayuwar Yamai a shekarun 1960 da 1970. An yi irinsa a garuruwan Hausa da yawa, sai dai zafi da gara da tashin haya sun cinye mafi yawan fina-finan da aka ajiye, asarar da ba a cika lissafa ta ba.

Sana'ar ba ta shiga ko'ina kai tsaye ba. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoton mai rai, wasu suka haramta, wasu suka bambanta shi da sassaƙa, mafi yawa suka halatta na larura kamar na fasfo. Akwai dattawan da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba sai da kujerar Makka ta samu. Kulle ma ya yi nasa tasiri, domin mai hoto namiji ne, ba ya ƙetare zaure. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin hotunan yankin suka cika da maza da dawakai da ƴan makaranta, rayuwar cikin gida kuwa ba ta fito ba sai kaɗan.

Hoto mai kala ya sauya tsarin sana'ar a shekarun 1980. Wankinsa yana buƙatar inji mai tsada da lantarki mai ɗorewa, sai manyan birane suka mallake shi, kuma a biranen Afirka ta Yamma da dama ƴan Koriya ne suka kafa irin waɗannan wurare. Ƙwarewar ɗaki mai duhu ta rasa kasuwa. Duk wanda ya samu ƙaramar kyamara mai fim na milimita 35, mai hoto 36, ya iya zama mai hoto. Ga gari irin Gabi wannan ci gaba ne da wahala a haɗe: an samu ɗan gari mai yawo da kyamara a wuya, yana bin suna da aure da kokowa, amma dole ya jira fim ya cika, ya aika da shi Maraɗi ko Katsina, ya jira direba ya dawo da shi. Hoton da aka ɗauka ranar suna yakan iso bayan jariri ya yi wayo, kuma sai a lokacin ake sanin ko an rufe ido ko haske ya ɓata fim. Karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ya ninka kuɗin fim da takarda.

Hoto mai motsi yana da tasa hanyar, kuma a cikinta ne matsalar girgiza ta taso. Kyamarar silima ta dā a kafe take bisa ƙafa uku. Mai shirya fim Jean Rouch, wanda ya bi kogin Kwara a kwalekwale a 1946 zuwa 1947, ya rasa mariƙin kyamararsa a hanya, ya ci gaba da ɗauka da hannu, daga baya ya mayar da hakan salonsa, yana tafiya cikin taro da kyamara kamar ɗaya daga cikin mahalarta. Oumarou Ganda da Moustapha Alassane, iyayen silimar Nijar, sun yi aiki kusa da shi. A Amurka, Garrett Brown ya ƙirƙiro Steadicam a tsakiyar shekarun 1970, riga ce mai hannun ƙarfe da ma'aunin nauyi da ke raba kyamara da rawar jikin mai ɗauka, sai dai kuɗinta na manyan kamfanonin fim ne. Abin da ya iso ƙasar Hausa shi ne kyamarar kaset mai hawa kafaɗa. Da ita ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi Turmin Danya a Kano a 1990, da ita kuma aka fara ɗaukar bukukuwa. Nauyinta da zamanta a kafaɗa su ne ke rage mata girgiza, sauran kuma gwanintar mai ɗauka ce: riƙe numfashi, sassauta gwiwa, tafiya da sanɗa.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijar da Najeriya a 2001, bayan ƴan shekaru ta zo da kyamara a jikinta. Fim ya mutu, har kamfanin Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2012. Waya ce ta ƙetare zauren da mai hoto ya kasa ƙetarewa, mata suka riƙa ɗaukar lalle da kamu da kansu. Ita ce kuma ta haifar da ɗaukar hoto don sha'awa, abin da dā sai Bature ko ɗan boko mai hali. Wanda ya fara da waya ya ga iyakarta, a duhu ko a nesa, shi ne yake neman kyamara ta gaske.

Kyamarar ƙwararru tun daga zamanin Nikon F ta 1959 tana da madubi a ciki, wanda ke karkatar da haske zuwa idon mai ɗauka, ya ɗaga sama a daidai lokacin dannawa. A 2008 Panasonic ya fitar da Lumix G1, wadda ta cire madubin, haske yana faɗawa kai tsaye a kan sensa, mai ɗauka yana kallon ɗan allo. Sony ya biyo da A7 a 2013 mai sensa girman fim ɗin dā, milimita 36 da 24, Canon da Nikon suka shigo da nasu manyan a 2018. Amfaninta a bayyane yake. Jikin ya ragu, mutum yana ganin hasken hoton kafin ya danna, tana bin ido da fuska da kanta, tana iya ɗauka shiru ba ƙara, abin da ke da amfani a wurin ɗaurin aure ko wajen tsuntsayen tafkin Madarunfa.

Zaɓenta a wannan yanki yana bin sharuɗɗan da takardar talla ba ta ambata. Na farko ƙura. Da yake babu madubi a gaba, a mafi yawansu sensa a buɗe take idan aka cire gilashi, kuma hazon hunturu ba ya jira. Mai hankali yakan zaɓi gilashi ɗaya mai jawo nesa da kusa ya bar shi a ɗaure, idan sauyi ya zama dole ya shiga ɗaki ya kifa bakin kyamara ƙasa. Na biyu batir, domin allon da ke kunne kullum yana shan wuta fiye da tsohuwar mai madubi. Inda caji ya dogara da faifan sola ko shagon mai caji, kyamarar da ke karɓar wuta ta igiyar waya ta fi wadda sai da nata mazubi, kuma yanke wutar da Najeriya ta yi wa Nijar a watan Agusta na 2023 ya nuna cewa ko birni bai tsira ba. Na uku zafi: a bazara, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ƙananan kyamarori sukan kashe kansu tsakiyar dogon bidiyo. Na huɗu shi ne gilashi da gyara, wanda ya fi sauran nauyi. Jikin kyamara yana tsufa cikin ƴan shekaru, gilashi mai kyau kuwa yana yin shekaru ashirin. Tsofaffin gilasan Canon da Nikon na hannu sun yawaita a kasuwannin Kano, kuma da ɗan zoben haɗi suna hawa sababbin jikuna. Don haka samfurin da ake samun batirinsa da mai gyaransa a Kano ko Maraɗi ya fi wanda ya fi shi ƙarfi a takarda amma sai an aika Dubai. Ga mai sha'awa, sensa matsakaiciya ta wadatar, kayanta sun fi araha da sauƙin ɗauka a babur.

Maganin girgiza yanzu kashi uku ne. Akwai na cikin gilashi, akwai na cikin jiki inda sensa kanta ke motsi tana rama rawar hannu, kamar yadda Olympus ya yi a E-M5 ta 2012, akwai kuma gimbal, sanda mai ƙananan injuna uku da ke riƙe kyamara a miƙe duk yadda hannu ya karkata. Kamfanin DJI na Sin ya fitar da Ronin a 2014, daga baya ya yi ƙanana na waya, abin da ya kawo tafiyar Steadicam hannun mai ɗaukar biki. Gimbal yana da ƙa'idoji: sai an daidaita nauyin kyamara a kansa kafin a kunna, in ba haka ba injunan su yi zafi su cinye batir, kuma kowane samfuri yana da iyakar nauyin da yake ɗauka, wanda dole a lissafa har da gilashi da makirufo. Aikinsa na mai tafiya ne, kamar rakiyar amarya ko bin dawakan hawan Sallah. Mai ɗaukar wa'azi ko hira ko filin kokowa daga wuri ɗaya ƙafa uku ta fi masa, ba ta son caji, ƙura ba ta kashe ta. Mai hoto tsayayye kuwa na cikin jiki ya ishe shi.

Ɗakunan hoton da suka rage a yankin sun koma buga hoton fasfo da na kalanda daga kwamfuta, da gyara tsofaffin hotunan da iyalai ke kawowa a sake fito da su. Yawancin sababbin hotuna ba a buga su, suna zaune a katin memori da WhatsApp, wanda ke rage ingancinsu, kuma sukan tafi tare da wayar idan ta ɓace ko ta lalace. Masu sana'ar da suka ƙware sukan ajiye kwafi biyu a wurare dabam, su kuma buga muhimman a takarda da suna da shekara a bayansu.