Hambirki a Gwange: Daga Wejin Karen Mota Zuwa Ruwan Alau

A makonnin da suka biyo bayan 10 ga Satumba, 2024, lokacin da ruwan ambaliyar madatsar Alau ya fara janyewa daga lungunan Gwange a Maiduguri, koke iri ɗaya kanikawa suka yi ta ji daga masu motoci. An tsane inji, an juye baƙin mai, an sa sabon batir, mota ta tashi, amma ta ƙi gusawa. Idan aka sa giya aka ba ta wuta, sai ta yi gurnani ta duƙa ta baya kamar jakin da aka yi wa dabaibayi. Mutane sun fice da iyalansu cikin dare, wasu sun bar motocinsu da hambirki a sama. Ruwan kogin Ngadda da laka suka yi kwanaki a cikin dram ɗin tayoyin baya, tsatsa ta manne shu da ƙarfen dram, kebul ɗin da ke jan su kuma ya sandare a cikin kubensa.

Masu gyara sun san maganin. A ɗaga motar, a cire taya, a riƙa bubbuga gefen dram da guduma a hankali har a ji ƙas, alamar shu ya saki. Abin da ya fi jan hankali shi ne yawan masu motar da a ranar suka fara sanin inda hambirkinsu yake kamawa.

Ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. Maiduguri gari ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai. Daga Gwange zuwa Kwastam, daga can zuwa Kasuwar Monday, in ban da ɗan hawa da gangaren gadojin Ngadda, da wuya a sami wurin da mota za ta gangara da kanta. Direba ya kashe inji, ya bar ta a giya ta ɗaya, ya tafi abinsa. Sai wanda sana'a ke kai shi tsaunukan Biu ko gindin duwatsun Gwoza ne ke zuwa gareji takanas ya ce a duba masa birkin hannu. Don haka tarihin wannan ɗan ƙarfe a garin Shehu ya zo da hawa da sauka: akwai lokacin da kowane yaron gareji ya iya saita shi ido rufe, akwai kuma lokacin da aka kusa mantawa da shi.

Kafin layin dogo ya iso Maiduguri a 1964, manyan motoci ne ke kwasar gyaɗa da fatu da bandar kifin Tafkin Chadi zuwa Kano da Jos. A wancan zamanin hambirki na gaskiya mutum ne, wato karen mota. Yana maƙale a baya da weji, guntun katako mai kauri da aka sassaƙa da mariƙi, kuma kafin mota ta gama tsayawa a hawa ya riga ya dira ya cusa shi ƙarƙashin taya. Direbobin da suka yi wannan aiki ba su taɓa yarda da sandar birki ita kaɗai ba idan akwai lodi, kuma har yau za a ga direban tirela ya ja birkin iska, sannan ya ce a sa weji.

Land Rover, motar ma'aikatan En'e da likitocin dabbobi da masu zagayen ƙauyuka, ita ta koya wa kanikawan farko cewa ba kowane hambirki ne ke kama taya ba. Nata yana bayan akwatin giya, dram guda ne da ke riƙe sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Saitinsa a ƙarƙashin mota yake, kan ƙusa ɗaya da ake murɗawa da sifana. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma yana da sharuɗɗa biyu da tsofaffin hannu ke nanata wa yara: ba a jan sa mota na tafiya, kuma idan aka ɗaga tayar baya ɗaya da jak ba tare da weji ba, motar na iya zamewa duk da an ja shi. Ciwonsa kuwa mai ne. Da zarar robar da ke tare man akwatin giya ta gaji, sai ya jiƙa shu, kuma shu ɗin da ya sha mai ba ya sake kamawa komai ɗaurin da aka yi masa.

Sai shekarun 1970 suka zo da sauye-sauye a jere. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari ya koma hagu, direbobin da suka saba jan sandar tsakiya da hannun hagu suka koma ja da dama. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. Malamin makaranta da akawu suka mallaki mota. A nan ne kanikanci ya zama sana'ar unguwa, gareji ya fito daga harabar kamfanoni ya koma inuwar dalbejiya.

Fijo, kamar yadda kowa ke kiranta, ita ce makarantar wannan zamani. Mariƙin hambirkin 404 a ƙarƙashin dashbod yake, ana jawo shi kamar sandar laima. Ita kuwa 504, musamman wagon da a-kori-kura waɗanda suka riƙe hanyoyin Kano da Baga da Bama, dram ne a bayansu, kebul biyu na tafiya zuwa tayoyin daga wani ɗan ƙarfe mai raba ja daidai wa daida. Beetle mai siffar kunkuru ta fi su sauƙi: a ɗage robar da ke gindin sanda tsakanin kujeru, ga notunan kebul biyu a fili, kowace taya da nata.

A irin waɗannan motoci yaro ke fara taɓa birki, bayan ya yi watanni yana wanke notuna a fetur da miƙa sifana. Gwajin kusan iri ɗaya ne a kowane gareji. Maigida zai ce hambirkin wannan motar ya yi sama, a gyara. Yaro mai gaggawa zai nufi notin kebul ya ɗaure shi tamau, sanda ta tsaya a ƙara uku, ya zo da murna ya ce, "Oga, ya kama." Maigida ba zai yi gardama ba. Zai sa a ɗaga bayan motar, ya sauke sandar ƙasa, ya ce yaron ya juya taya da hannunsa. Taya ta ƙi juyawa sai da nishi, tana shuu, shuu. A nan yaro ke gane cewa kebul bai miƙe ba, lainin ɗin shu ne ya cinye, tazarar da ke tsakaninsa da dram ta ƙaru. Wanda ya ɗaure noti ya ɓoye ciwon ne, ya kuma bar shu yana gugar dram dare da rana, yana cin mai, yana ɗumama taya har giris ɗin boris ya narke. Ƙa'idar da aka gada daga wancan zamani ita ce a fara daga taya, a ƙare a sanda, kuma duk motocin da suka zo daga baya ba su rushe ta ba.

Bayan 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Motocin Beljiyam da ake saukewa a Kwatano suka cika gari, 504 kuma ta yi ta ja da baya har Kaduna ta daina harhaɗa ta a 2006. Kanikawan da suka girma a kan mota iri biyu ko uku suka wayi gari da goma, kowace da halinta. Yawancinsu sun iso da tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, kuma kebul ɗin hambirki na cikin abubuwan da gishirin ke fara ci.

Golf, wadda ta gaji wagon ɗin Fijo a tashoshin arewa maso gabas, ta zo da wata dabara: a cikin dram ɗinta akwai ɗan weji na ƙarfe da sifirin ke ja, yana cike tazara da kansa yayin da shu ke cinyewa. Wanda bai sani ba zai yi ta dukan dram ya ƙi fita, alhali sukudireba kawai ake zurawa ta ramin notin taya a tura wejin sama. Mercedes ɗin da ake kira V-boot da ƙafa ake taka nata, a saki da hannu, kuma ko da yake faifai ne a tayoyin baya, akwai ƙaramin dram ɓoye a cikin faifan, da nasa ƙananan shu waɗanda ba su da aiki sai riƙe mota a tsaye. Camry da yawa haka suke. A wasu motocin kuma kebul ɗin kai tsaye yake jan kalifa. Wanda bai bambance waɗannan ukun ba, bai kamata ya ɗauki sifana ba tukuna.

Abin da ya fi kashe hambirki, a ganin masu sana'ar, giyar otomatik ce. Mutane suka ɗauka harafin P birki ne. Ba birki ba ne, ɗan haƙori ne na ƙarfe da bai wuce yatsa ba, yana shiga tsakanin haƙoran wani gargare a cikin akwatin giya, kuma a kansa ake jibga nauyin mota duka. Kebul ɗin da aka yi shekara ba a ja ba, ƙurar hunturu ta shiga kubensa, damina ta jiƙa ta, sai ya daskare. Ranar da birkin ƙafa ya zubar da mai a tsakiyar titi, direba ya kai hannu ga sanda, ya tarar babu kowa a gida. Amfanin hambirki na asali ke nan: ba ya bi ta mai, waya ce zalla daga hannu zuwa taya, shi ya sa yake aiki ko da bututun mai ya fashe.

Mai mota na iya saita nasa a ƙofar gida, kuma kanikawan kirki ba sa ƙyashin koyarwa. Wuri mai tauri ake nema, don jak yana nutsewa a yashin Gwange, sai an shimfiɗa masa katako mai faɗi. A sa weji gaba da bayan tayoyin gaba, domin da zarar bayan mota ya bar ƙasa, su kaɗai ke riƙe da ita, musamman irin su Hilux da ƙarfinsu ke baya. A ɗaga, a tokare da ƙarfen tsayawa ko kututture mai ƙwari. Bulon siminti ba abin yarda ba ne, yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba, kuma jak shi kaɗai ba a shiga ƙarƙashinsa.

Daga nan a sauke sanda, a sassauta notin kebul, wanda a Corolla da Golf yake gindin sandar, ƙarƙashin robar da ke tsakanin kujeru. A cire dram a duba. Idan lainin bai kai kaurin milimita 2 ba, ko an ga danshin man birki a jikin ƙaramar silinda, maganar saiti ta ƙare, aikin sauyi ne, kuma ana sauya na tayoyin biyu tare. Baƙar ƙurar da ke ciki ba a hure ta da baki. Tsofaffin lainin da wasu masu araha na ɗauke da asbestos mai lahani ga huhu, tsumma mai laima ake sa mata. Idan komai lafiya, a mayar da dram, a zura sukudireba ta ramin saiti a riƙa juya ɗan gargare mai haƙora da ke cikin dram, haƙori ɗaya bayan ɗaya, ana juya taya, har ta fara riƙewa. Sai a koma baya kaɗan har ta saki. A yi wa ɗaya gefen haka, a taka birkin ƙafa sau da yawa don shu ya zauna a mazauninsa. Sai a lokacin ake komawa kan noti, a ɗaure shi sannu a hankali har sanda ta riƙa tsayawa a adadin ƙarar da littafin motar ya faɗa, galibi tsakanin 5 da 8. A sauke sandar, a tabbata tayoyin biyu na juyawa sakayau. A zaga unguwa, a dawo a kai bayan hannu kusa da ƙarfen taya: idan gefe ɗaya ya fi zafi, yana guga.

Kebul ɗin da ya sha ruwan ambaliya kuwa, ɗura masa mai ba ya wuce 'yan makonni. Tsatsar na can cikin kube inda ido ba ya gani, sauya shi ya fi.

Yanzu wani sabon babi ya buɗe. Tun da BMW ta fito da birkin tsayawa na lantarki a 2001, sanda ta fara ɓacewa, ɗan maɓalli ya maye gurbinta, kuma irin waɗannan motoci sun fara yawa a cikin na Kwatano. Babu noti, babu abin ƙirgawa. Ƙaramin injin lantarki ne ke matse birkin, kuma a yawancinsu kafin a sauya fad sai an umarci motar ta janye shi, ko dai da na'urar kwamfuta ko ta wasu matakai da kamfanin ya tsara. Wanda ya tura shi da ƙarfin tsiya ya sayi sabon kalifa. Idan batir ya mutu, birkin na nan a kame. Yaran gareji na yau suna koyon wannan a waya, ta bidiyo, wani lokaci su ne ke nuna wa iyayen gidansu.

Su kuma iyayen gidan, tun bayan ruwan Alau, shawara ɗaya suke ba duk wanda zai ajiye mota ta kwana biyu a damina, ko mai sanda ce ko mai maɓalli: a nemi wuri mai ɗan tudu nesa da bakin Ngadda, a bar ta a giya, a sauke hambirki, a sa mata weji gaba da baya.