Yadda Ake Furta Kalmar "Cupboard" Daidai

Kalmar "cupboard" tana cikin kalmomin Turanci da rubutunsu ke yaudarar mai koyo. Da yawa sukan raba ta gida biyu su ce "kof-bod" ko "kop-bod", suna bin haruffa ɗaya bayan ɗaya. Masu harshen ba haka suke faɗi ba. A wajensu harafin p ba ya fita ko kaɗan.

Kalmar gaɓa biyu ce, kuma ƙarfin murya yana kan ta farko. Wasalin gaɓar farko gajere ne, irin na "cup" da "bus", wanda ya fi kusa da a ta Hausa fiye da o. Gaɓa ta biyu kuwa a raunane ake furta ta, ba a jan ta kamar yadda ake jan "board" idan tana tsaye ita kaɗai. A daidaitaccen lafazin Ingila ana cewa "kabad", a Amurka kuma ana jin r kafin d.

Asalinta kalmomi biyu ne, "cup" da "board", wato katakon da ake jera kofuna a kai. Da yake p da b duk a leɓɓa ake furta su, sai b ya shanye p a baki, rubutu kuma ya tsaya yadda yake. Hausa ma tana da irin wannan naso: ana rubuta "gidan Bala", amma abin da kunne ke ji shi ne "gidam Bala".

Bahaushe ya riga ya san furucin. Kalmar kabad da ake ji a gida da ofis da wajen kafinta daga nan aka aro ta, kuma da kunne aka ɗauko ta, ba daga takarda ba. Haka hankici ya fito daga "handkerchief", inda d ba ya fita.

Sai dai dokar ba ta game kowace kalma ba. A "clipboard" ana furta p, kuma "board" tana fita cikakkiya. Don haka ɗan kasuwar da ke ciniki da baƙo, ko ɗalibin da ke shirin sashen lafazi na jarrabawar WAEC, ya riƙe kabad ɗin da ya saba, ya rage ƙarfin gaɓar ƙarshe kawai.